Nakiyar da Kalilu Ke Kawo Min

Salamu alaikum, masu bibiyar labarina. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ku yi min haƙuri. Ina tsugune a lungun bayan ɗakin Innarmu, inda sabis ɗin Nijar ke ɗan kamawa. Baiwar Allahn da ta turo min saƙo tana cewa, "Zulai, ki riƙe Kalilu hannu biyu, irinsa sun yi ƙaranci," na ga saƙonki. Karanta na yau tukuna, sai mu yi magana.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Zulaihatu. A Sabon Birnin Gobir anka haife ni, nan nike zaune gaban iyayena. Ina da wata cuta da ko sunanta ba a taɓa ji ba a unguwarmu sai a kaina, wai ita siliyak. A taƙaice jikina ba ya shiri da alkama. Ba iyayi ba ne, ba tsirfa ba ce, duk da haka 'yan unguwa ke faɗi. In na ci abin da alkama ta taɓa, cikina ya kumbura ya yi tauri, gudawa ta sa ni gaba, bakina ya fashe da ƙuraje, duk abin da na ci ya bi ta jikina ya wuce bai bar komai ba. An daɗe ana fama. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ce shawara ce, an ce basir ne, wata tsohuwa ma ta rantse mayu sunka kama min kurwa. Sai da anka kai ni babban asibiti a Sakkwato, anka zura min wata igiya mai ido ta maƙogwaro, sannan anka gane abin da ke cina.

Kalilu na tsaye a wurin ranar da likita ta yi bayani. Shi ne mai nemana da aure, ɗan garin Isa ne, yana fataucin albasa da barkono tsakanin nan da Maraɗi. Shi ya raka mu ni da Inna, shi ya yi ta zarya tsakanin ɗakin gwaji da wurin karɓar magani, har takalminsa ya tsinke.

Likitar ta dube mu ta ce, "Akwai wani abu cikin alkama, gulutin ake ce mishi. Shi ke goge mata cikin hanji. Babu allura, babu ƙwaya. Maganinta ɗaya ne, ta bar alkama har abada."

Inna ta ce, "Likita, ko ɗan kaɗan?"

"Mama, ko wanda ya maƙale a bakin cokali."

Kalilu ya matso ya ce, "Gero fa? Dawa? Shinkafa?"

"Duk ta ci abinta, in dai ba su haɗu da alkama ba wurin niƙa ko wurin suya."

Wallahi a mota muna dawowa shi ke maimaita ma Inna darasin, yana lanƙwasa yatsu: ba burodi, ba taliya, ba alkaki, ba finkaso, ba cincin, ba biskit. Ni kuwa ina kujerar baya ina kallon ƙeyarsa, ina cewa a raina, Zulai kin yi dace, Allah Ya ba ki mutum.

Kuma na samu sauƙi, jama'a. Babanmu ya sassaƙo min turmi nawa ni kaɗai, Inna ta ware min rariya da tukunya da muciya. Ƙurajen baki sunka baje, cikina ya kwanta, har na fara ɗaukar tulu daga rijiya ba tare da jiri ya ɗebe ni ba. Ban yi ƙiba ba, dama ni ba mai jiki ba ce, amma na dawo mutum.

Sai fari ya shigo. Ruwa ya zubo munka yi shuka, ya ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Shekara ta zagayo anka sake yin haka. Rumbunan unguwarmu sunka zama wurin kwanan kaji. Da tallafi ya zo kuwa, me kuke tsammani anka kawo? Alkama da fulawa! Kai jama'a, na yi dariya ranar har da hawaye. Gari duk ya koma fulawa. Da safe fanke, da rana taliyar murji, da marece ɗanwake. Kowa na godiya ga Allah, ni kuma ina bin gari kamar mai tsoron taka ƙaya.

Tuwo dai Inna na yi min da 'yar dawar da ake samu, a turmina ake daka ta. Matsalata abin taɓawa ce. Kun san mu mata da kwaɗayin la'asar. Na je wurin mai waina ta bakin tasha, wadda na sani tun ina yarinya, na ce, "Iya, wainar nan zallar shinkafa ce?"

Ta ce, "Zalla, ɗiyata, zalla."

Na ce, "Ba fulawa ko kaɗan?"

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke kuwa, wanga zamani wa ka iya waina ba 'yar fulawa? Ludayi guda na kawai, don ta haɗe."

Ludayi guda wai! Na juya na tafi. Mai ƙosai kuma a man da ta soya fanke take soyawa. Mai fura ta daina birgima furarta cikin garin gero, ta koma fulawa, don ta fi araha. Injin niƙa kuwa ba a magana, bakinsa fari fat da garin alkama tun safe har dare. Na koma daga gyaɗa sai aya, daga aya sai gyaɗa, har haƙorana sunka fara ƙorafi.

Akwai wani zaure da nike ciki a waya, na mata masu irin cutata, yawancinsu 'yan Abuja da Kaduna. Kullum sai sun ɗora hoton wata busasshiyar wainar shinkafa ta leda, mai tambarin zangarniyar alkama da anka ja ma layi, suna cewa a babban kanti ake samu. Na ce to, mu nan babban kantinmu teburin Ɗan'auta ne mai sayar da ashana da omo. Na tura ma Kalilu hoton don wasa kawai. Ashe bawan Allah ya ɗauki abin da gaske. Ya bi kantunan Maraɗi ɗaya bayan ɗaya har ya samo min leda guda mai rubutun Faransanci. Na buɗe da ɗoki na gatsa. Innalillahi! Kamar na gatsi katifa. Ba gishiri, ba zaƙi, ba komai. Munka yi ta dariya ni da shi a zauren gidanmu, ya ce, "Ranki shi daɗe, ashe masu kuɗi ma wahala suke ci."

Bayan nan ne ya kawo nakiya. Wata la'asar ya shigo da 'yar samira mai murfi, an ɗaure ta da ƙyalle. Ya ce, "Akwai wata mata a Isa, Gwaggo Rahmatu. Nakiya take yi ta gara tun kafin a haife mu. Na zauna na yi mata bayanin ciwonki kaf. Shinkafa ce zalla, da hannu take dakawa, ba ta kai wa inji, kuma ba ta yin alkaki balle turminta ya gauraya."

Na buɗe. Curi-curi ne farare masu ɗan duhu, suna ƙyallin man shanu, ƙamshin citta da kanumfari ya buge ni. Na gutsira a tsorace, na jira. Kwana ya wuce, wani ya wuce, cikina shiru. Wayyo daɗi! Na rubuta a zauren matan nan cewa su riƙe katifarsu, mu Gobirawa mun samu tamu. Daga nan duk ranar kasuwa sai samira ta zo.

Ana cikin haka mahaifiyarsa Hajiya Habi ta zo ganina, ita da ƙanwarta. Na sa atamfata mai ruwan ganye, na yi ɗaurin da ke ɗan cika min fuska, na durƙusa har ƙasa na gaishe su. Hajiya mace ce mai jiki, zobba sun nutse cikin yatsunta. Ta amsa da fara'a, ba za ni yi mata ƙarya ba. Sai ta ce in matso. Ta kama tsintsiyar hannuna ta zagaye ta da yatsa biyu, har da saura. Ta dubi Inna.

"Kande, wagga ɗiya taku lahiya tai kuwa? Mu hwa gidanmu ba a kai amarya awa sillen kara. Wagga ina ta ga ƙarfin ɗaukar ciki?"

Inna ta yi ƙasa da kai ta ce, "Ta samu sauƙi, Hajiya. Cimar ce sai an zaɓa."

"To ku ba ta sabaya mana. Duk ɗiyan da munka aurar da ita munka gyara su."

Ga waɗanda ba su sani ba, sabaya haɗin gari ne da ake dama ma amare don su yi ƙiba kafin biki. Ana sa gyaɗa da riɗi da sauransu, amma uwar haɗin alkama ce soyayya. Na ce a hankali, "Hajiya, alkama ce ba ni ci."

Ta tuntsure da dariya. "Alkama? Abincin da anka sani da sa jiki? Kai, likitocin zamani! To ni dai na hwaɗi tawa. In Babbar Salla ta zo ban ga ta cika ba, ba ni aiko da kayan sa rana. Ba ƙiyayya ba ta, ɗa namiji guda gare ni."

Sunka tafi sunka bar min ɗaki da ƙamshin humra. Na shiga na kwanta na yi kuka mai isata. Da marece saƙon Kalilu ya shigo: "Kar ki sa komai a ranki, Zulaina. Ni na san abin da za ni yi." Na karanta shi ya fi a ƙirga, har na yi barci da wayar a ƙirjina.

Ba a jima ba ciwo ya dawo. Da farko ɗan kumburi ne bayan la'asar. Sai ƙuraje a leɓe. Sai gudawa, wadda ke sa ka san yawan takun da ke tsakanin ɗaki da bayan gida ba ka ƙirga ba. Gashina ya fara bin mataji. Siket ɗin da tela ya ɗinka min daidai ya koma sai da fil. Na ruɗe, jama'a, na rasa ta inda abin ke shigowa. Na bar gyaɗar kasuwa, na bar aya. Na yi faɗa da maƙwabciyarmu kan ta ari rariyata ba da sanina ba, na faɗa mata maganar da har yau muna gaisawa sama-sama. Na sa anka wanke turmina da toka da ruwan zafi. Har ta kai ba na cin komai a duniya sai tuwon Inna da nakiyar Kalilu.

Nakiyar ta ɗan ƙara duhu a lokacin, ta kuma ƙara gardi. Na tambaye shi, ya ce zuma anka canja. Ga irin saƙonnin da muke yi, ban goge ko ɗaya ba:

"Zulaina, kin ci nakiyarki?"

"Na ci rabin curi. Cikina ba daɗi."

"Daure ki ci biyu. Ita kaɗai ce abin da na yarda da shi."

"To Yaya Kalilu. Allah Ya bar min kai."

"Amin. Gobe ki turo min hoto in ga kumatun."

Sai in tashi in cusa, ina hawaye ina haɗiya, don kar wahalarsa ta tafi a banza.

Ranar Talatar da ta wuce anka yi sunan jikar ƙanwar Babanmu a Isa. Inna ta so in zauna, ga hanya ba lafiya, ga ni ba ƙarfi. Na nace. A raina so nike in ga Gwaggo Rahmatu da idona, in yi mata godiya, in kuma tambaye ta ko shinkafarta na haɗuwa da wani abu wurin 'yan awo. Kalilu na Maraɗi, ban gaya mishi ba. Ni da 'yan uwa munka bi ayarin motocin kasuwa, kowa na salati a ciki har munka isa. Da anka ci abincin suna, ni ina gefe da ruwa a kofi, na ja dogon hijabina ruwan toka na sulale. Ban sha wahalar nema ba, duk wanda ka ce ma mai nakiya sai ya nuna maka gidan.

Gida ne na ƙasa, tsaf da shi. Na same ta a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya, doguwa, baƙa, da tsagen Gobirci har kunne. Ta shanya wankakkiyar shinkafa a tabarma, ga tukunya a murhu ana soya gari, ga turmi wanda man shanu ya sa ya yi sheƙi. Na yi sallama na durƙusa.

"Gwaggo, ni ce Zulaihatu ta Sabon Birni, wadda Kalilu ke sayen ma nakiya."

Ta saki muciya ta tafa hannu. "Lale, lale! Amaryarmu ta! Zamna, ɗiyata, zamna." Sai ta tsaya ta ƙare min kallo, fara'arta ta ragu. "Ikon Allah. To ke duk haɗin ga bai kama ki ba?"

Na ce, "Wane haɗi, Gwaggo?"

Ta rufe baki da hannu tana dariya. "Oho, na manta. Shi ya ce kar in hwaɗi, wai kunya kike ji a san ana gyara ki. Mi na abin kunya? Kowace amarya da haka ta tahi gidan miji."

Na daure na yi murmushi. "Ai tunda na zo, Gwaggo, nuna min in gani."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani bokitin roba mai murfi, ta ajiye a gabana ta buɗe. Gari ne ja-ja, mai ƙamshin suya. A gefe cikin ƙwarya ga sauran tsabar da ba a daka ba. Na san ta. Ko cikin duhu na san ta, don ba abin da nike gudu a duniya kamarta.

Na ce, "Gwaggo, wannan mece ce?" Muryata kamar ba tawa ba.

"Alkama mana, mai kyau, ta Bakalori. Da riɗi da gyaɗa. Da hwarko ya ce zallar shinkafa, wai likita ya hana ki alkama. Daga baya ya zaka ya ce an ɗage dokar, yanzu jiki ake so ki yi kahin Salla. Taki daban nike dakawa. Duk zuwan da ya yi sai ya ce, Gwaggo ƙara hannu, har yanzu ba ta ciko ba. Wancan mako kusan rabi da rabi na yi."

Rabi da rabi.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kunnuwana sunka toshe, ina ganin bakinta na motsi ba na jin komai. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kalilu? Kalilun da ke lanƙwasa yatsu a mota? Na ɗaga hannun hijabina na nuna mata hannuna, na buɗe baki na nuna mata ƙurajen. Na ce, "Gwaggo, ba a ɗage komai ba. Wannan garin shi ke kashe ni."

Matar nan ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ɗiyata, wallahi tallahi ban sani ba. Da hannuna? Ni da nike sa miki albarka ina daka?" Ta fashe da kuka, har ni na koma ba ta haƙuri. Ta ɗauki bokitin za ta juye ma kaji, na ce ta bari. Na ɗebi tsabar cikin tafin hannuna na ƙulle a bakin hijabi.

Yadda na dawo gida ban sani ba. Inna ta tambaye ni labarin suna, na ce lafiya lau, na shige ɗaki. Saƙonsa ya shigo: "Na dawo daga Maraɗi. Gobe in sha Allah ina tafe da kayan daɗinki." Har da hoton zuciya. Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Daga ƙarshe na tura mishi, "Allah Ya kawo ka."

Jiya bayan la'asar ya zo. Shadda ruwan ƙasa, hula zanna, turaren nan nasa da nike ji tun daga ƙofar gida zuciyata ta yi sanyi. Jiya kau da kai na yi. Na shimfiɗa mishi tabarma a zaure kamar kullum, na zauna nesa. Ya turo samira gabana yana murmushi.

"Ranki shi daɗe, yau ba fara'a? Buɗe ki gani, da zafinta na ɗauko jiya da safe na ajiye kafin in wuce Maraɗi."

Ashe tun kafin in je ya karɓa, bai san na taka gidan ba. Na kwance bakin hijabina, na zuba tsabar alkamar bisa murfin samirar. Ƙwayoyin sunka yi ƙara sunka gangara kan tabarma.

Ya dube su. Ya dube ni. Murmushin ya tafi.

Na ce, "Gwaggo Rahmatu na gaishe ka."

Sai ya cire hula ya riƙe a hannu. "Zulai, tsaya ki ji."

"Ina ji."

"Hajiya ba ta wasa. In ta ce ba ta aikowa, ba ta aikowa. Na roƙe ta, na sa kawunnaina sun roƙe ta, ta ce ita jiki take son gani. Duk 'yan uwana mata da sabaya anka yi musu, na gani da idona yadda sunka cika. Na ce ko in an fara kaɗan-kaɗan jikinki zai saba. Likita ma ai mutum ce, tana iya kuskure."

Na ce, "Da ka ga ina ramewa fa?"

"Na zaci bai isa ba ne."

"Shi ya sa ka ce a ƙara."

Ya sunkuyar da kai.

Wallahi jama'a, da ya ce min ƙina yake yi, da abin ya fi min sauƙi. Na miƙe tsaye. Na ce, "Kai ka tambayi likita da bakinka. Kai ka riƙe min ledar ƙarin ruwa. Na gaya maka ina zubar da jini, ka ce in daure in ci biyu! Ina cusawa ina kuka don kar ranka ya ɓaci. Na zagi maƙwabciyata a kan rariya, ashe kai ne kake shigo min da ita cikin samira, kana ce min Zulaina!"

"Don kar in rasa ki na yi. Wallahi don kar in rasa ki."

"To da gawata za a kai ma Hajiya ta auna?"

Hawaye sunka zubo mishi. Ban taɓa ganin kukansa ba, kuma abin haushin, har lokacin zuciyata sai da ta motsa. Ina son mutumin nan, ba za ni ɓoye muku ba. Amma na tuna gidansu za a kai ni, tukunyarsu za ni ci, in na kwanta ciwo shi zai miƙo min kofi. Na ce, "Yaya Kalilu, ka gaya ma Hajiya ba sai ta jira Salla ba. Ta riƙe kayanta. Ni ba ni iya zama inda za ni riƙa shinshina abin da mijina ya ba ni."

Ya ce, "Zulai, don girman Allah."

Na juya cikin gida na ɗaga murya. "Inna! Inna, zo ki ji abin da Kalilu ya yi min!"

Ashe tana bayan ƙyauren zaure. Ta fito a hankali, hannunta da ruwan wanke-wanke, tana goge shi da bakin zane. Na nuna mata alkamar da ke warwatse a tabarma, ina zayyana mata komai. Ina jira ta yi salati, ta dafe kai, ta kore shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ko kallon alkamar ba ta yi ba. Ƙasa take kallo.

Na ce, "Inna, kin ji kuwa? Alkama yake sa a zuba min."

Ta ce, "Na ji."

"Kin ji?"

Ta ɗago. Idanunta sun yi ja. "Bar ganin laihinai shi kaɗai, Zulai. Ni na kira shi bayan tahiyar Hajiya. Ni na sai da akuyata na ba shi ya sawo alkamar."

Na ce, "Inna?"

"Ɗiyata, shekara biyu ba mu girbe ko dami ba. Babanki ya tsuhwa. Yaron ga shina son ki, gidansu akwai abinci. In wanga aure ya watse, wa za ya ɗauke ki da ciwon da ba a taɓa ji ba? Ni da sabaya anka kai ni, uwata ma haka. Na ce Allah ba Ya sa ta zame miki guba, ke kaɗai duk duniya." Muryarta ta karye. "Da na ga kina zubewa na so in hana. Sai in ce bari a ƙara mako guda, wataƙila ta juyo."

Ban yi kuka ba. Kukan ma ya ƙi zuwa. Na tsaya tsakaninsu, shi a durƙushe da hula a hannu, ita a jingine da ƙyaure, kowannensu na hawaye saboda yana ƙaunata. Na ratsa ta gefen Inna na shige ɗaki. Ban san lokacin da ya tafi ba.

Da anka yi sallar magariba Inna ta turo labule. Ta ajiye kwano a gabana, tuwon dawa da miyar kuka, yana tururi, har da ɗan man shanu a sama wanda na san ba mu da shi da yawa. Ta tsuguna ta buɗe min da kanta.

"Ci, Zulai. Tun jiya ba ki sa komai a cikinki ba. Babu komai a ciki, na rantse miki."

Na dubi tuwon. Yunwa nike ji har hanjina na murɗawa. Na wanke hannu, na miƙa, yatsuna sunka tsaya a bakin kwanon.

Na ce, "Inna, a wane turmi anka daka?"

Ta dube ni, ta mayar da idonta kan kwanon. Tuwon uwata ne, jama'a, wanda na ci tun ban san sunana ba. Yana nan a ɗaki har yanzu da nike muku rubutun nan, ya huce, ya yi ɓawo a sama. Ban iya sa hannu ba.